Ƙurjin leɓe zai iya sauka al'aura? Tambayoyin da ake yi min a ɓoye kan harbis da wasan baki

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda, kuma da yake ina jin Hausa, duk wata 'yar'uwarmu da ta shigo daga Karantina ko Sabil ko wadda ta taso takanas daga Makka, ni ake turo wa. Tambayoyin nan ba a gaban likita ake yinsu ba, sai an fito, a ja ni gefe a ce "Anti don Allah minti ɗaya". Maza ma suna yi, amma su ta hannun matansu suke aikowa. Na gaji da ganin aure yana rawa saboda abin da bayanin minti goma zai warware, shi ya sa na zauna na rubuta su.

Wai menene harbis ɗin nan?

A takardar asibiti za ki ga an rubuta herpes, Larabawa su ce harbis, mu ma haka muke cewa. Ƙwayar bairos ce, iri biyu: HSV-1 da HSV-2. Ta ɗaya ita ce ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a gefen leɓe, waɗanda a gida muke cewa "zazzaɓi ne ya fita". Ta biyu kuma a al'aura ta fi zama. Danginsu ɗaya da ƙarambau.

Abin da ya bambanta ta da yawancin ciwon sanyi shi ne in ta shiga ba ta fita. Ƙurji ya warke, ita kuma ta bi jijiya ta je ta kwanta, ta baki a wani curin jijiya kusa da kunne cikin kai, ta ƙasa kuma a gindin ƙashin baya. Tana nan shiru har sai wani abu ya tashe ta: zazzaɓi, zafin rana, gajiya, damuwa, al'ada. Kinga ashe da iyayenmu suke danganta ta da zazzaɓi ba su yi kuskure ba, zazzaɓin ne ke tada ta, sai dai ba fita ya yi ba.

Toh da gaske ta baki za a iya sa wa mutum a al'aura?

Da gaske ne wallahi, kuma wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe. Ƙwayar ba ta san wai nan leɓe ne nan al'aura ba, ita dai fata mai laushi take nema ko wata 'yar tsaga da ido ba ya gani. In miji yana da ƙurjin leɓe ya kai bakinsa gaban matarsa, ko mata ta yi wa mijinta, ƙwayar da ke cikin ruwan ƙurjin da yawun bakin za ta iya kama wurin. Bayan kwana 2 zuwa 12 sai a fara ganin abu.

Kuma ba abin da ba a saba gani ba ne. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ta nuna mutane kusan miliyan 846 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da harbis na al'aura, wato sama da mutum ɗaya cikin biyar, kuma a cikinsu wajen miliyan 376 HSV-1 ce, wannan ta leɓen da muke rainawa. A Amurka da ƙasashen Turai ma yanzu yawancin matasa da ke zuwa da kamun farko na al'aura, ta leɓen ce ake samu.

Amma ai mijina ba shi da ƙurji ko ɗaya a lokacin

Wannan ita ce ta fi ruɗa mutane. Ƙwayar tana iya fitowa saman fata ko cikin yawu ba tare da ƙurji ya fito ba, na ɗan wasu sa'o'i ko kwana ɗaya, mutum yana lafiyarsa ƙalau bai san komai ba. Haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba lokacin da ƙurjin ke da ruwa, da kuma kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito, lokacin da leɓe ke ɗan zugi ko ƙaiƙayi ko ka ji kamar ana tsikararsa da allura. Amma ko babu duk wannan, ƙofar ba ta rufe ruf ba.

Sannan mutane da yawa ba su taɓa ganin ƙurjin ba a rayuwarsu kuma suna ɗauke da ita. Hukumar ta ce kusan mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, kashi 64 cikin ɗari na duniya, suna da HSV-1, kuma nahiyar Afirka na cikin inda ta fi yawa. Akasarinmu tun muna yara muka ɗauka, wajen gwaggo ko kaka da ta sumbace mu, ko cokali ɗaya da yayye.

Kenan ba dole ne ya ci amanata ba? Ko ita ta ci amanata?

A nan zan daɗe, don nan ne gidaje ke mutuwa.

Akwai wata amarya da aka kawo mana, ba ta rufa wata biyu da tarewa ba, tana tafiya da kyar, fitsari ma kuka take in za ta yi. Uwar mijin na gefe tana ta huci wai dama an gaya musu yaran da suka tashi a nan ba su da kamun kai. Mijin ya yi tsit, kuma ina kallonsa ga ɓawon ƙurji nan ya bushe a gefen bakinsa. Da aka yi gwaji HSV-1 ce. Yarinyar nan ba ta san kowa ba sai shi, shi ma bai nemi kowa ba, abin da ya ɗauka tun yana yaro ne ya ba ta cikin wasa irin na ango da amarya. Har yau in na tuna yadda take rantsuwa tana kuka raina ɓaci yake.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, fitowar harbis a al'aura ba hujjar zina ba ce. Ko da HSV-2 ce aka samu, ita ma tana iya kwanciya shekaru ba ta nuna kanta ba, bazawara ta iya zuwa da ita daga auren fari ba ta sani ba, namiji ya iya ɗauka wajen matar da ya saka shekara goma baya. Babu wani gwaji da zai gaya miki ranar da aka kamu ko wa ya fara sa wa wani in an daɗe tare. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa nan da nan ake nuna amarya da yatsa, alhali mai gidan ne ke zagayawa ɗaki-ɗaki da ita. Ban ce ba a cin amana a duniya ba, ana yi. Amma ƙazafi babban zunubi ne kuma kun san haka, kar a ɗora shi a kan ƙurji.

Yaya zan gane shi ne?

Kamun farko yakan zo da nauyi: ƙananan ƙuraje masu ruwa a cure wuri ɗaya, su fashe su zama gyambo mai zafi, fitsari kamar an zuba barkono, kaluluwa a matsematsi, zazzaɓi, ciwon jiki da ciwon kai kamar mura za ta kama ki. Yakan ɗauki sati biyu zuwa uku kafin ya warke in ba magani. Wasu kuma ɗan tsagewa ne kawai da ƙaiƙayi, su ɗauka reza ce ko zafin Jidda da gumi.

Amma don Allah kar ki yanke wa kanki hukunci da hoton Google. Gyambon tunjere shi baya zafi kuma maganinsa daban. Akwai wata cuta Bahjat da ake samu sosai a yankin nan na Gabas ta Tsakiya, tana kawo gyambo a baki da al'aura lokaci ɗaya kuma ba ɗaukarta ake yi ba sam. Farin gyambon nan na cikin kunci ko ƙarƙashin harshe da ke zuwa ya tafi, shi ma yawanci ba harbis ba ne.

Wane gwaji zan nema?

In ƙurjin na nan, ki je da wuri kafin ya bushe a goga auduga a kai a yi PCR, gwajin da ke neman ƙwayar kanta. Shi ne mafi inganci, kuma ki roƙa a faɗa miki ta ɗaya ce ko ta biyu, don sanin yana da amfani. Na jini, IgG, yana nuna dai jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma yana iya ɗaukar har sati 12 ko fiye kafin ya nuna. In ya ce kina da HSV-1 bai gaya miki a baki take ko a ƙasa ba, kuma tunda yawancinmu muna da ita, ba wani labari ya ba ki ba. Ɗaya gwajin jinin, IgM, kuwa kar ki ɓata riyal ɗinki, ruɗani kawai yake ƙarawa, na ga matan da suka kwana kuka a kansa a banza.

Ai mun yi gwajin aure a nan, an ce lafiyarmu lau

Gwajin kafin aure na Saudiyya, wanda aka wajabta tun 2004, sikila da talasimiya (ita ma ciwon jini ce ta gado) yake dubawa, a 2008 aka ƙara HIV da ciwon hanta B da C. Babu harbis a ciki. Haka gwajin iƙama, wato takardar izinin zama, ma ba ita yake nema ba. Na faɗi wannan ne saboda masu tsoron zuwa asibiti wai kar a gano a sanar da kafili, wato ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar, su zauna a ɗaki suna shafa abin da bai dace ba har wurin ya ruɓe. In kina jin nauyin fara zuwa, kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ne, dare da rana akwai likita da zai saurare ki.

Tana warkewa?

Maganin da zai fitar da ita daga jiki gaba ɗaya babu, rigakafi ma babu wanda aka amince da shi har yanzu. Duk mai sayar miki da haɗi a WhatsApp wai kwana bakwai ta fita har abada, kuɗinki yake so. Ƙurjin dama da kansa yake warkewa, sai ya ce maganinsa ne.

Amma akwai magani mai aiki sosai: aciclovir, valaciclovir, famciclovir. Aciclovir tun farkon shekarun 1980 ake amfani da shi, ba sabon abu ba ne. Suna rage kwanakin ciwo da zafinsa, kuma iya saurin farawa iya amfaninsa, in dawowa ta yi a fara cikin kwana ɗaya da jin zugin. Kamun farko likita kan ba da na kwana 5 zuwa 10. Wadda take yawan dawo mata ana iya ɗora ta a kan na kullum.

Ga kuma labari mai daɗi ga wadda ta samu ta hanyar baki: HSV-1 ba ta jin daɗin zama a al'aura. A shekarar farko takan dawo kamar sau ɗaya, wasu ba ta sake dawo musu ba kwata-kwata, alhali HSV-2 takan dawo sau huɗu ko biyar. Shi ya sa na ce a tambayi wace iri ce.

Me zan yi a gida in ya taso?

Zama cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a busar da wurin a hankali, wando na auduga mai sakewa, paracetamol, shan ruwa da yawa. In fitsari na ƙona ki, ki zuba ruwa a wurin kina yi, ko ki yi a cikin baho. Ki wanke hannu da sabulu duk sanda kika taɓa, kar ki kai ido, don tana kama ido kuma tana iya lalata gani.

Abin da nake roƙo a bari: antibayotik, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Man bilicin da duk wani kirim mai kotizon, ƙara hura ta yake. Tafarnuwa, kanwa, lemon tsami, man goge baki, Dettol, turare, duk na ga an saka kuma ƙuna suke ƙarawa kan ƙuna. Matsi da kayan mata a ajiye su sai an warke. Ki sha zamzam ki yi addu'a, ki sha zumarki da habbatus sauda, ba wanda ya hana, amma ki haɗa da ƙwayar da likita ya rubuta. In fitsari ya ƙi fita sam, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

To yanzu shikenan mun daina wasan baki?

Hukuncinsa a addini ba fagena ba ne, malamai sun yi magana, wasu sun halatta tsakanin ma'aurata da sharuɗɗa wasu sun karhanta, kowa ya tambayi malaminsa. Ni abin da na sani shi ne ana yi, kuma ba a son faɗa. In za a yi, ga ƙa'ida: daga ranar da leɓe ya fara zugi har ɓawon ya faɗi fata ta koma daidai, ba sumba, ba kai baki ko'ina. Yawanci kwana 7 zuwa 10 ne, wani lokaci sati biyu. Haka in a ƙasa ya fito, a haƙura da saduwa gaba ɗaya har ya warke. Kwaroron roba yana rage haɗari sosai amma ba ya rufe duk fatar, don haka ba ya hanawa ɗari bisa ɗari. Binciken da aka buga a 2004 ya nuna shan valaciclovir kullum yana rage sa wa abokin zama HSV-2 da kusan rabi.

Wani abu da na lura da shi a nan: bayan aikin Hajji ƙurajen leɓe yawa suke. Ranar Arfa, tafiyar Mina da jifa, rashin barci, murar alhazai, duk abin da ke tada ta ya haɗu. Ga shi an daɗe cikin harami an yi kewar juna. Malam in ka sauko da leɓe a fashe ka ƙara haƙurin sati ɗaya. Masu aiki a rana, direbobi, masu tura keken alhazai, 'yan gini, su riƙa shafa man leɓe mai kare rana.

In mu duka muna da ta leɓe fa?

In kowannenku ya daɗe da HSV-1, jiki ya riga ya san ta, da wuya ƙwarai ta sake kama ku a al'aura. Wadda ke cikin haɗari ita ce wadda ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Amma ta ɗaya ba ta kare mutum daga ta biyu.

Daga al'aura zuwa baki kuma?

Yana faruwa, amma HSV-2 ba ta cika zama a baki ba, in ta kama ma ba ta yawan dawowa. Sai dai ki sani ba harbis kaɗai ke bin wannan hanyar ba, ciwon sanyi mai fitar da mugunya yana kama maƙogwaro, tunjere da HPV, bairos ɗin da ke iya kawo kansar bakin mahaifa, ma suna bi.

Banɗaki ɗaya muke amfani da shi mu goma a gidan haya, zan iya ɗauka?

A'a. Ƙwayar ba ta daɗewa a waje, ba a ɗaukarta a masai, ko buta, ko wurin alwala a Harami, ko musabaha. Wannan "sanyin toilet" da ake ta faɗa, harbis ba ya cikinsa. Abin goge baki, jan baki da reza dai kowa ya riƙe nasa, musamman lokacin ƙurji.

Ina da ciki, ya zan yi?

Wannan kam ki buɗe kunne. Wadda ta daɗe da ita kafin ciki, haɗarin jariri kaɗan ne, bai kai ɗaya cikin ɗari ba, don garkuwar uwa na ratsawa ta kare shi. Wadda ta kamu karon farko a watannin ƙarshe ita ce abin tsoro, nan haɗarin kan kai kashi 30 zuwa 50 in aka haihu ta gaba, kuma harbis a jariri yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana kisa. Saboda haka mai gida in kana da ƙurjin leɓe ko ka san kana yi, matarka kuma ba ta taɓa yi ba, a ajiye wasan baki gaba ɗaya a wata ukun ƙarshe, ko da ƙurji ko babu.

Ki gaya wa likitar awo, kar kunya ta hana ki. Akan fara ba da aciclovir daga sati na 36, kuma in naƙuda ta zo da ƙurji a wurin akan yi tiyata. Shayarwa ba matsala sai in ƙurjin a kan nono yake.

Bayan haihuwa kuma, ranar suna da 'yan barka, kowa ya karɓi jariri ya kai baki. Mai ƙurji a leɓe kar ta sumbaci jinjiri, ko Hajiya ce, ko kakarsa ce, a faɗa mata da ladabi amma a faɗa. Masu yi wa jariri tofi a fuska ko tauna dabino a sa masa a baki, a duba bakin mai yin tukuna. Jaririn da bai kai sati shida ba in ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, ya yi laushi ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, ba a jira gari ya waye.

Yana da alaƙa da HIV?

Ba ya zama HIV. Amma HSV-2 tana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku in an haɗu da mai ita, saboda gyambon ƙofa ne a buɗe. Shi ya sa in an samu ɗaya likita kan so a duba sauran, ba zargi ba ne.

Sai na gaya wa wanda zan aura?

Ni a ganina eh, in kin san kina da ta al'aura, haka shi ma namijin. Na san abin na da nauyi, kuma na san a cikinmu magana ba ta zama wuri ɗaya, yau an faɗa a Shari' Mansur na Makka gobe ta isa Kano. Ba sai dangi sun ji ba, tsakaninku ne ku biyu, in da hali ku je wajen likita tare ya yi bayani. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. Kuma wanda aka gaya wa kafin aure yakan karɓa da sauƙi fiye da wanda ya tsinci abin a jikinsa daga baya. Ba ta hana haihuwa, ba ta rage ƙarfin namiji, ba ta zama kansa.

Azumi fa, ya zan sha maganin?

Ki gaya wa likita kina azumi. Valaciclovir sau ɗaya ko biyu ake sha a rana, sai ya dace da sahur da buɗa-baki, shi kuma aciclovir yakan kai sau uku zuwa biyar. Ki sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba don maganin ta ƙoda yake fita, mai ciwon ƙoda kuma dole likita ya san da haka kafin ya rubuta.

Larabcina bai kai ba, me zan ce a asibiti?

Mace ki nemi sashen mata da haihuwa, wato "nisa wa wilada", ki ce "abga daktora" in mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne. Namiji ya nemi sashen fata da al'aura, wato "jildiyya wa tanasuliyya". Ki ce "indi hubub wa alam taht", wato ina da ƙuraje da zafi a ƙasa, sannan ki nemi gwajin auduga da cewa "abga mas-ha PCR lil harbis". In kuma mijin na da ƙurji a leɓe a satin, ki faɗa wa likitar ko da ba ta tambaya ba, ko ki ɗauki hotonsa a waya ki nuna mata.